Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Damagaram a kan ruwan sha

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙo, na rubuto ne a kan magana ɗaya, wato ruwan sha na birnin Damagaram.

Na zaɓi in rubuto yanzu, a ƙarshen watan Satumba, damina tana bankwana, an fara yankan hatsi a karkara, tabkunan cikin gari cike suke taf, famfo kuma yana zuwa a unguwanni da yawa. A irin wannan lokaci ne kowa yake mantawa da ƙishirwa, hukuma da talakawa duka, sai watan Maris ya kama, zafi ya sauko, a farka a fara neman tankar da za ta raba ruwa unguwa-unguwa. Duk aikin da ba a soma shi da kaka ba, ba zai amfane mu da bazara ba, domin gina rijiyar burtsatse da shimfiɗa bututu da kafa injin turo ruwa ba aikin mako biyu ba ne. Tsakaninmu da wancan lokaci watanni biyar ne ko shida, kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa ne dab da shigowar zafin.

Ba sai na karanta maka tarihi ba, ka fi ni saninsa. Amma ina so in tuna maka cewa wannan gari shi ne babban birnin ƙasar nan tun daga 1911, har zuwa 1926 da Turawan mulkin mallaka suka kwashe hedikwata zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Shekaru kusan ɗari ke nan. Ciwon da ya raba mu da matsayin babban birni a zamanin kakanninmu shi ne har yau yake tayar da matanmu da ƴaƴanmu mata da ƙarfe biyu na dare su je su jera bido a bakin famfo. Mun san garin a kan dutse yake zaune, duk wanda ya ga manyan duwatsun tsohuwar unguwar Birni ya san ba a tona rijiya a nan a sami ruwan kirki, shi ya sa ake janyo shi daga Gogo da Machaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma mun karɓe shi shekara da shekaru. Sai dai dutsen bai ƙaru ba, mutane ne suka ƙaru. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum dubu 300 a birnin nan, jiharmu kuma ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, ga Jami'ar André Salifou da ta tara ɗalibai daga ko'ina, ga sababbin unguwanni da suka bazu a gefen gari inda bututu bai kai ba. Abin da ake turo mana bai taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ƙaruwa ba.

Ni mazaunin Garin Malam ne, kuma abin da idona ya gani nake faɗa. A bazarar da ta wuce mun yi makonni famfon gidanmu bai ɗiga ba sai cikin dare, wani lokaci ma a kwana a wuni babu. Bidon da ake ɗiba dala biyar a bakin famfo, ɗan ga-ruwa yakan kawo shi ƙofar gida a kan dala talatin ko arba'in, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ma ya kwana a layi, ya turo kura daga nesa cikin rana. Gidan da ke da mutum goma yana buƙatar bido nawa a wuni, na sha da na girki da na alwala da na wanka? Magidancin da yake samun jika biyu a rana, idan rabinta ta tafi a ruwa, da me zai sayi tiyar hatsi? Na ga yarinya ƴar makarantar firamare tana gyangyaɗi a kan bidonta da asuba, kuma na san ranar nan ba ta je makaranta ba. Na ga maƙwabciyata, mace mai tsohon ciki, tana jan bido biyu a ƙasa saboda ba ta iya ɗauka. Waɗanda suka rasa kuɗin saye kuwa, tabki suke komawa, inda dabbobi suke sha, inda dattin gari yake gangarawa, daga nan sai gudawa da ciwon ciki su kwantar da yara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ruwan da muke saye da tsada a watan Afrilu, shi ne yake rusa mana gidaje a watan Agusta. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. A ranar 3 ga Satumban 2024 muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun zamanin Sarki Tanimun a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube ƙasa. Duk wannan ruwa ya bi ta kanmu ya wuce, kuma bayan watanni shida muka koma layin famfo. Rijiyoyin Gogo da Machaya ruwan damina ne yake ciyar da su, kowa a ma'aikatar ruwa ya san haka. Me ya hana a yashe madatsan da ke can, a ƙara wasu a kan ƙoramun da ke kwarara, domin ruwan ya tsaya ya nutse cikin ƙasa maimakon ya tafi a banza? Me ya hana a yashe magudanan cikin gari tun da rani, a tsare tabkunan da mutane suke cikewa da shara suna gini a kai?

Ranka ya daɗe, alkawari mun sha shi. Babu ɗan takarar da ya taɓa tsayawa a filin taro a Damagaram bai ce zai kawo ƙarshen matsalar ruwa ba. An yi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, a nan a 2006, an sake yi a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, aka zuba kwalta, aka kafa fitilu, aka gyara gine-gine, mun gani kuma mun gode, amma da baƙi suka watse, bido yana nan a inda yake. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin garin nan, wadda take tace ganga dubu 20 a rana, da ɗanyen man da ake turowa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 daga Agadem. Daga baya aka shimfiɗa wani bututun mai kusan kilomita dubu biyu har bakin teku a ƙasar Benin. Ƙasar da ta iya wannan aiki ba za ta ce mana janyo isasshen ruwa daga kilomita ƴan gomomi ya gagare ta ba. Tun daga farkon 2024 kuma, rabon ruwan birane ya fita daga hannun kamfanin Faransa ya dawo hannun ƙasa, muka yi murna, domin mun ɗauka yanzu ƙorafinmu ba sai ya ƙetare teku ba. Hukumomin yau sun gina maganarsu a kan ƴancin kai da sake gina ƙasa, kuma mutanen Damagaram sun fito sun mara musu baya. Ina roƙon ka, don Allah, ka isar musu da cewa uwar da ta kwana a bakin famfo da goyo a bayanta, a famfon nan take auna wannan ƴanci.

Ban ce komai yana hannunka ba. Na san manyan ayyukan ruwa a Yamai ake yanke shawararsu, a can kuma ake sakin kuɗinsu. Amma kai ne wakilin gwamnati a jihar nan, kai ne za ka iya tara masu kula da ruwa da masu kula da lantarki da kantomomin gari a ɗaki ɗaya ka tambaye su abin da suka tanada kafin Maris. Injinan da suke turo mana ruwa da lantarki suke aiki, kuma mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya: wuta ta ɗauke, ruwa ya bi ta. A ƙasar da rana ba ta yanke mana ba, ya kamata a ce kowace rijiya a Arunguza da Ganaram tana da faifan hasken rana da zai riƙe ta idan wuta ta tafi. Haka kuma, idan dole ne a riƙa raba ruwan da ke akwai, to a raba shi da adalci, a sanar a gidajen rediyo cewa unguwa kaza ranar kaza da ƙarfe kaza, a kuma cika. Mace za ta iya tsara wuninta idan ta san lokacin da ruwa zai zo. Abin da yake karya mutane shi ne zaman jiran da ba a san ƙarshensa ba, alhali ana ganin wasu unguwanni ba su taɓa rasa ba. Bututan da suka fashe suna malala a kan hanya kwana da kwanaki kuma, gyaransu ba ya buƙatar izini daga Yamai.

Akwai sauran abubuwa da ke damun mu a wannan kaka, azuzuwan zana da yara za su koma cikinsu, da zazzaɓin cizon sauro da ya cika asibitoci, da hatsin da ƴan kasuwa suke saye tun a gona su ɓoye, da masallacin Birni da muke fatan ganin an tayar da shi a kan siffarsa ta asali. Na bar su zuwa wani lokaci.

Abin da nake nema a yau shi ne, kafin ɗari ya shigo, ka fito ka gaya wa mutanen Damagaram da bakinka yawan ruwan da garin nan yake buƙata a rana, da yawan da ake turo masa, da aikin da za a yi don cike giɓin, da watan da za a gama shi. Ka kuma zo Garin Malam ko Kara-Kara wata rana da asuba a watan Afrilu, ba tare da an sanar ba, ka ga layin da idonka.

Allah Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Wani magidanci daga unguwar Garin Malam, Damagaram