Wasiƙa zuwa ga aminina a kan tafkin kifin bayan gida

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa kai ma ka ƙudura gina tafkin tarwaɗa a gidanka na Maraɗi. Tun da ka nemi in faɗa maka yadda nawa ya kasance, zan faɗa maka har da inda na yi tuntuɓe.

Na zaɓi in ɗaga ginin sama maimakon in haƙa rami saboda dalilin da ban ga muhimmancinsa sosai ba sai daga baya, wato fitar da ruwa. Tarwaɗa kifi ne mai ci da yawa da ɓata ruwa, kuma wanda ya yi rami dole ya nemi injin da zai riƙa zuƙe masa ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, alhali tafkin da ke bisa ƙasa da ka buɗe bututu sai ruwan ya gangara da kansa. Ga kuma ruwan damina da ba zai kwararo ciki da shara ba, ga yara ƙanana da ba za su afka ba. Saboda haka, kafin magini ya aza bulo ko ɗaya, ka tsaya a wurin ka tambayi kanka inda ruwan zai nufa, domin yana da ƙarni, kuma idan ya bi ta ƙofar maƙwabci zumunci zai yi tsami. Nawa na karkatar da shi zuwa 'yan kunyoyin alayyafo da zogale, ga shi sun yi shar ko a tsakiyar rani.

Tsawon nawa mita 3 ne, faɗinsa mita 2, tsayinsa kuma ya ɗan haura mita 1. Idan ruwa ya kai zurfin mita 1, lita 6,000 ke nan, nauyin tan 6, yana tura bango dare da rana. Wannan lissafin ne ban yi ba da farko. Na bar magini ya jera bulo mai inci 9 kamar mai gina ɗaki, ya yi shafe, muka cika ruwa muna murna. Washegari da asuba na fito da tocila, sai na ga wani siririn layi mai danshi ya bi kusurwar gabas tun daga sahu na biyu har ƙasa, tururuwa sun yi jerin gwano suna sha. Sai da muka fasa kusurwar, muka tsayar da ginshiƙi mai rodi a kowace kusurwa, muka cika ramukan bulo da kankare, sannan muka zuba ɗamara a sama. Kuɗin gyaran ya kusa rabin na ginin. Ka yi naka haka tun farko, kuma ka sa a lanƙwasa kusurwoyin ciki da siminti, a ɗan karkatar da daɓen zuwa bakin bututu, don kada kashin kifi da ragowar abinci su sami wurin kwanciya.

Bayan gini, kada ɗoki ya sa ka zuba kifi. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi da ke ƙona fatar kifi da wurin da yake numfashi. Na cika nawa, na jefa busasshen ganyen ayaba, na bar shi mako 2 har bango ya yi gansakuka ya yi santsi, sannan na zubar, na wanke, na sake cikawa. Idan ruwan famfo za ka yi amfani da shi, ka bar shi ya kwana a tanki saboda maganin da ake zuba masa. Na rijiyar burtsatse ya fi kwanciyar hankali.

'Ya'yan kifi 300 na fara da su, masu tsawon ɗan yatsa. A nan ƙasar muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da madatsar Kainji, amma ni a wurin wani mai ƙyanƙyasa na kusa na saya, don doguwar tafiya tana galabaitar da su. Ka riƙa ware manya daga ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta ba tare da kunya ba. Ka kuma shimfiɗa raga a sama, saboda suna tsalle da dare, kyanwa kuma ba ta barci. Da hunturu sun rage ci ƙwarai, shi ya sa nake ganin gara ka zuba naka bayan sanyi ya wuce, ka yi musu rumfar zana a rabin tafkin saboda zafin garinku. Kada dai ka gina ƙarƙashin bedi, ganyensa zai hana ka sakat.

Ka aiko mini da awon filin da kuma inda magudanar gidan take, in zana maka yadda bututun zai zauna kafin ka sayi siminti. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka amini har kullum.