Dalilin da mawaƙin Hmong ke godiya idan ya dawo fage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna so mu yi wa masu karatu bayani kan abin da ke sa mawaƙin ƙabilar Hmong yawan godiya idan ya samu damar komawa waƙa.

Bayan 1975 dubban 'yan Hmong sun tsere daga Laos zuwa sansanonin 'yan gudun hijira na Tailan irin su Ban Vinai, daga nan wasu suka wuce Amurka, musamman biranen St. Paul da Fresno. Neman na abinci ya raba da yawansu da waƙa.

Komawar kuwa ba wasa ba ce, shi ya sa wanda ya samu ya dawo yake godiya. Harshensu na da karin sauti bakwai, kuma a waƙar gargajiya ta kwv txhiaj dole rerawa ta girmama karin kowace kalma. Da an kauce, ma'ana ta sauya, dattawa kuma nan take suke ganewa. Babu kiɗan da zai rufa asiri, murya ce zalla. Wanda ya daɗe bai yi ba, numfashi ne ke fara yanke masa a tsakiyar dogon baiti. Shi ya sa muke ganin gara ya soma da gajerun baitoci a gaban dattijo mai yi masa gyara, kafin ya fito filin bikin sabuwar shekara, inda samari da 'yan mata ke jefa wa juna ƙwallon ƙyalle suna musayar baitoci.

Naku,
Wasu masu nazarin waƙoƙin al'ummu