Wasiƙa daga Jidda zuwa ga Malam Habu, kan wurin wanke raga

Jidda, Saudiyya

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya, illa zafi da gumin Jidda da ka sha jin labarinsu.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi na yi murna da jin ka kama shago a Fagge za ka fara buga riguna. Allah ya sa albarka. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba, wato kuɗin da ka ce ka ware don sayen akwatin wanke raga na kamfani, wato ragar da ake buga zane a riga da ita. Don Allah ka riƙe kuɗin nan, ka zuba su a raga mai kyau da tawada. Wurin wankinmu a nan ni da wani yaro muka haɗa shi a bayan shago cikin yini biyu, kuma har yau da shi muke aiki.

Na je Haraj Sawarik, babbar kasuwar gwanjon da ke kudancin Jidda, na sayo tankin roba fari mai kejin ƙarfe, irin mai cin lita 1,000. Kafin ka sayi irinsa ka bincika abin da aka taɓa zubawa a ciki, ka kuma wanke shi tas. Muka yanke gefe ɗaya gaba ɗaya ya zama ƙofa, muka bar sama da sauran ɓangarori ukun su tare feshin ruwa. Muka ɗora shi kan bulo, bayan ya ɗan fi gaba tudu, don ruwa ya gangara ta bakin famfon da ke ƙasansa. A ciki katako biyu ne kawai aka gicciye, inda firem ɗin ragar zai jingina. Alfanun farin tankin shi ne haske yana ratsa shi, sai ka rataye fitila mai caji a bayansa ta waje, ka ga kowane layi na zanen ko ya buɗe ko da saura. Kada ka yarda wayar wuta ta kusanci wurin nan.

Maganar da ta fi damuna ita ce rana, don a nan na yi asara. Ka san maganin da muke shafa wa raga, emalshan, haske ne ke daskarar da shi. Inda baƙin zane ya rufe shi ne yake zama da taushi, shi ruwa zai cire. To in ka fito da ragar fili da rana tsaka, kafin ka kunna tiyo rana ta gama daskarar da wurin zanen ma, ka yi ta feshi ba abin da zai fita. Hakan ta same ni ana saura kwana huɗu bikin ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, lokacin da kowa ke neman koriyar riga kuma aiki ya yi mana yawa. Raga uku na ɓata a wuni ɗaya. Ina cikin inuwa fa, amma farin bangon maƙwabta yana dawo da hasken kaina ban lura ba. Ranar ban iya cin abinci ba, don mai aikin ya riga ya biya rabin kuɗi.

Tun daga nan na kewaye wurin da baƙin tamfol, sama da gefe. Ina jiƙa ragar gaba da baya tun a cikin ɗaki, in sa ta a baƙar leda, sannan in fito da ita. In bar ta minti ɗaya ko biyu maganin ya jiƙu, in bi ta da feshi a hankali. Aikin da ke da ƙananan rubutu kuwa ba na wanke shi sai bayan sallar asuba ko bayan magariba. Injin feshi mai ƙarfi ka bar shi sai ranar kankare tsohuwar raga. Sabon zane tiyo da kan feshi na lambu sun ishe shi.

Akwai kuma zafin ruwa. Tankunanmu a saman bene suke, da bazara ruwan azahar har ƙona hannu yake, kuma ruwan zafi yana ɓata gefen zane. Duro nake cikawa da dare in ajiye a inuwa. Kai da za ka dogara da 'yan garuwa, duro ɗaya da ƙaramin famfo za su rage maka ɓarna sosai. Nan ma ruwa ba abin wasa ba ne, na teku ne ake tacewa a irin su Shu'aiba, in ya yanke sai an kira tanka.

Ruwan da ya fita daga tankin, Malam Habu, ina roƙonka kada ka sake shi kwata haka nan. Bokiti uku na jera, na farko ya fi na biyu tudu, na biyu ya fi na uku, da guntun bututu kusa da bakinsa. Na farko na ɗaure masa tsohuwar raga tana tare ɓarɓashi, a na biyu laka take kwantawa, na uku yashi da tsakuwa ne. Duk Juma'a in kwashe lakar, in shanya ta ta bushe, in ɗaure a leda. Nan baladiyya, wato hukumar birni, ba ta wasa da mai zubar da ruwa a titi, amma ko ba hukuma, a unguwarku yara suna wasa a bakin kwata, awaki suna sha. In maganin da za ka samu irin wanda ake haɗawa da garin nan mai ruwan lemo ne, bikuromat, ka sani guba ne, ka sa safar hannu, in da hali ma ka nemi wani iri. Tawadar filastisol kuwa ruwa ba ya wanke ta. Kankare ta za ka yi ka mayar gwangwani, ka goge saura da tsumma tun kafin ragar ta je wurin wanki.

Ranar kankare raga, in ka shafa maganin cire emalshan kada ka tafi amsa waya. In ya bushe a kai, emalshan ɗin ya kafe ke nan, da wuya ya sake fita. A iskar waje kuwa nan da nan yake bushewa. Ku da ke da hunturu, ka juya ƙofar tankin ta ba arewa maso gabas baya, kuma ka shanya raga a ɗaki, don ƙura in ta manne mata sai ka ga ɗigo-ɗigon tawada a rigar mutane.

Zan ɗauki hoton namu gobe da safe in turo maka ta WhatsApp, har da yadda bututun ya shiga bokitan. Ka auno mini faɗin bayan shagon naka da inda kwata ta bi, in gaya maka ta inda tankin zai fuskanta. Wani ɗan unguwarmu zai taho Kano bayan Umara, zan ba shi kan feshi biyu da dabino ya kawo wa Hajiya.

Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Sabi'u