Edita, mutanen Chaucer sun wuce kashi uku

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Na karanta abin da kuka buga a shafin adabi kan tsohon adabin Ingila, inda aka ce mutanen cikinsa kashi uku ne kawai, masu ibada, masu yaƙi da masu noma. Eh haka malaman coci na lokacin suke faɗa, amma wallahi duk wanda ya leƙa littafin Canterbury Tales na marubuci Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400 bai ma ƙarasa shi ba, ya san wannan rabon tuni ya fara yagewa.

A littafin, mutum 29 Chaucer ya tarar a masaukin Tabard da ke Southwark, wajen Landan, za su ziyarar kabarin waliyyin Kirista Thomas Becket a Canterbury, to a wane kashi za ku sa matar nan ta garin Bath, gwanar saƙa ce da kuɗinta, aurenta biyar, ta je Kudus sau uku kuma ba ta yarda wata mace ta riga ta miƙa sadaka a coci? Ko ɗan kasuwan da ke ta fankama alhali bashi ya yi masa katutu ba wanda ya sani?

Ni inda ya fi burge ni shi ne wajen mai niƙa. Matafiyan sun shirya kowa zai ba da labari a hanya, jarumin yaƙi ya gama ba da nasa wanda shi ne na farko, mai masauki ya juya wajen wani babban ɗan zuhudu tunda shi ne na gaba a girma, kawai sai mai niƙa, ya yi tatul da giya da ƙyar yake zaune a kan doki, ya ce atafau shi zai yi magana ko ya kama gabansa. Haka aka ƙyale shi, ya kwararo labarin batsa na wani kafinta da matarsa ta ci amanarsa. Wannan katsalandan ba banza ba ne fa, annobar 1348 ta kashe ɗimbin jama'a har lebura ya yi tsada, a 1351 aka yi dokar danne ladan aiki, a 1381 kuma talakawa suka yi bore har cikin Landan, duk a zamanin Chaucer.

Su kansu mutanen cocin ai ba ɗaya ba ne. Akwai mai sayar da takardar gafara da ke yawo da ƙasusuwan alade cikin gilashi yana damfarar ƙauyawa a kan na waliyyai ne, rana ɗaya ya tara abin da limamin ƙauye ba ya samu a wata biyu, ga kuma limamin nan matalauci mai tsoron Allah da ƙafa yake zagaya mutanensa da sanda a hannu ko ana ruwa, ɗan'uwansa kuwa manomi ne mai kwasar taki.

Dan Allah in za ku sake taɓo maganar ku ba mai niƙa da matar Bath fili.

Naku,
mai karatun shafin adabi