Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni me nake nema wajen yaran mutane

Assalamu alaikum Alhaji,

Ina gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, da fatan iyali duk suna lafiya. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar nan, da lasifika a hannunka ranar walimar Sallah ta mutanenmu na Bronx a birnin Niyok, kuma bidiyon ya zaga wayoyi har can gida, to amsar ma ba za ta yiwu a lungu ba. Ga wanda bai ji ba, abin da ka ce shi ne wai me ya sa nake kashe Asabar ɗina wajen zama da yaran baƙaƙen Amurka da yaran Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, a makarantar unguwa, yaran da a cewarka "ba su ma san ubanninsu ba", alhali ga almajirai can gida suna yawo da roba, sannan ka rufe da cewa in faɗa wa jama'a nawa ake biyana. Mutane suka yi dariya, ni kuwa na koma gida zuciyata tana suya.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ba a biyana ko sisi, kuɗin jirgin ƙasa ma daga aljihuna yake fita. Kai shaida ne na riƙe asusun jama'ar nan shekara da shekaru, aka bincika littafi ba a samu dala ɗaya ta yi ƙafa ba, kuma kai da bakinka ka yaba min a lokacin. In kana da wata hujja ka fito da ita, in babu to ka ji tsoron Allah da mutuncina.

Abin da ya fi min ciwo shi ne maganar uba. Alhaji ka taɓa zama da yaran nan ko sau ɗaya? Ni na san su, na san iyayensu mata da kakanninsu, na san uban da yake aiki biyu dare da rana, na san wanda aka ɗaure, na san wanda ya rasu yaron yana goye. Kuma abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka kau da kai, a cikin yaran da ke zuwa wajenmu akwai ɗan mutumin Kumasi, akwai ɗan mutumin Yamai, akwai ɗan Bakano, suna zaune kujera ɗaya da waɗanda ka zaga, Turancinsu iri ɗaya, askinsu iri ɗaya, tafiyarsu iri ɗaya. Kai kake ganin bambanci don ka san gidajen da suka fito. Malamin da zai rubuta takardar kora bai san wannan ba, ɗan sandan da zai tare su a bakin tasha ma bai sani ba, yaro baƙi kawai yake gani.

Kana garin nan a watan Fabrairun 1999 lokacin da 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka buɗe wa Amadou Diallo wuta a ƙofar gidansa a Soundview, harsashi 41, guda 19 suka same shi, ba komai a hannunsa sai walat. Bafulatanin Gini ne, musulmi, ɗan tireda a bakin titi, shekararsa 23. Wa ya tsaya tambayarsa ko ya san ubansa? Kuma kotu ta wanke su duka a 2000. Sai Kalief Browder, shi ma ɗan Bronx ɗin nan, aka kama shi a 2010 yana ɗan shekara 16 bisa zargin satar jakar goyo, belin dala 3,000 ya gagari gidansu, ya yi shekara uku a kurkukun Rikers ba tare da an yanke masa hukunci ba, kusan biyu daga ciki a ɗaki shi kaɗai, daga baya aka janye tuhumar, a 2015 ya kashe kansa. Lokacin da aka ɗauke shi ɗan sakandare ne, sa'an yaranmu da muke turawa kanti da daddare. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa ake yi, ba dariya ba.

Bari in gaya maka yadda yaro ke zamewa a makarantun nan, don ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Yaro yana aji uku ko huɗu karatu ya ɗan yi masa nauyi, ana cewa ya karanta a gaban aji sai kunya ta kama shi, sai ya fara tsokana don a daina kiransa, malama ta kore shi waje, gobe ma haka, jibi a dakatar da shi kwana kaɗan ya zauna gida ba kowa saboda uwa tana wajen aiki, ya dawo an wuce shi, abin da bai gane ba ya ƙaru, fushinsa ya ƙaru, kafin ya kai aji tara sunansa ya riga ya ɓaci a fayil kuma shi kansa ya yarda cewa shi ba ɗan boko ba ne. A nan ne samarin kan kwana suke karɓarsa hannu bibbiyu, don su kam kullum suna nan, ba sa fashi. Ma'aikatar ilimi ta Amurka da kanta ta fitar da alƙaluma a 2014 cewa ana dakatarwa da korar ɗalibai baƙaƙe ninki uku na yadda ake yi wa farare. Kuma a duk malaman makarantun gwamnati na ƙasar nan, maza baƙaƙe ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, wato yaro zai iya gama firamare da sakandare bai taɓa ganin namiji mai kama da shi riƙe da aji ba. Masu bincike sun bi bayanan ɗaliban jihar North Carolina suka fitar da sakamako a 2017, cewa yaro baƙi ɗan talakawa in ya samu malami baƙi ko da guda ɗaya ne tsakanin aji uku zuwa biyar, haɗarin ya bar sakandare bai gama ba yana raguwa da kashi 39 cikin 100. Malami ɗaya fa Alhaji.

Akwai wani binciken da nake so ka ji da kyau tunda kai ka kawo zancen uba. Masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa, tare da hukumar ƙidayar Amurka, sun bi rayuwar yara kusan miliyan 20 suka wallafa a 2018. Sun ga yaro baƙi ko a gidan masu kuɗi ya tashi, in ya girma abin da yake samu bai kai na farin yaron da suka tashi a arziki ɗaya ba. Amma sun ga kuma inda yaran suka fi yin kyau shi ne unguwannin da iyaye maza baƙaƙe suke da yawa a gidajensu, kuma amfanin yana kaiwa har ga yaron da nasa uban ba ya nan. Mazan unguwa ne suke ɗaga shi. To wannan ai shi ne abin da aka rene mu a kai, ɗa na kowa ne, ni da kai wa bai sha faɗan maƙwabci ba, wa bai ci tuwon gidan da ba nasu ba? Mun zo Amurka mun bar tarbiyyar a filin jirgi, yanzu masana suna auna ta da lissafi suna cewa tana aiki, mu kuma muna yi wa mai yinta ba'a.

Abin da muke yi ranar Asabar ba wani abin mamaki ba ne. Muna zama da su, a duba aikin gida, a yi lissafi, wanda karatu ya yi wa nauyi a ja shi gefe a bi layi layi ba wanda zai masa dariya, manyan cikinsu a taya su cike fom ɗin kwaleji da na tallafin karatu, a koya musu me za su yi da hannuwansu da bakinsu in ɗan sanda ya tsayar da su. In an kira iyaye makaranta uwar ba ta samu dama ba, da izininta ɗayanmu ya je ya zauna kusa da yaron, kuma wallahi yadda ake magana da yaro in akwai babba a gefensa daban ne da yadda ake yi in shi kaɗai ne. Babban abin dai shi ne ka dawo sati mai zuwa, ka kuma dawowa, don yaran nan sun ga manya da yawa da suka yi alkawari suka ɓace, ba sa sakin jiki da kai sai sun ga ruwa da sanyi ba su hana ka zuwa ba.

Kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Tun 1904 wani akawun kotu a Niyok mai suna Ernest Coulter ya ga yara maza suna ta zuwa gaban alƙali, ya nemi mutanen kirki kowa ya riƙe yaro ɗaya, daga nan aka samu Big Brothers, ƙungiyar da ke haɗa yaro da babban da zai riƙa kula da shi. Ƙungiyar One Hundred Black Men da aka kafa a garin nan a 1963 ita ta tsaya aka buɗe Eagle Academy a Bronx a 2004, makarantar gwamnati ta yara maza zalla, kuma shugabanta na farko David Banks daga baya shi ya riƙe duk makarantun gwamnatin birnin. A Shikago akwai shirin Becoming a Man, yara su zauna a da'ira sau ɗaya a sati da wani babba suna koyon yadda mutum zai tsaya ya yi tunani kafin ya kai duka, jami'ar Shikago ta gwada shirin ta ga kamun da ake wa yaran kan laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi lokacin da suke ciki, masu gama sakandare ma sun ƙaru. Da shirin ya ƙare raguwar kamun ba ta ɗore ba, shi ya sa nake ta nanata maganar dawowa. Obama ma bayan kisan Trayvon Martin, ɗan shekara 17 da aka harbe a Florida a 2012, ya ƙaddamar da My Brother's Keeper a Fabrairun 2014 don wannan aikin dai. Duk waɗannan mutanen kuɗi suke nema su ma?

Zancen almajirai kuwa, yana damuna kamar yadda yake damun duk mai imani, kuma abin da nake aikawa gida tsakanina da Allah ne. Amma taimakon wancan bai hana taimakon wannan ba, kuma ka fi ni sanin hadisin da Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Ba a ce maƙwabci Bahaushe ba. Kuma ka yi haƙuri in faɗi gaskiya, ban taɓa jin ka ɗaga maganar almajirai a wani taro ba sai bayan da na rubuto wa kwamitin jama'armu ina roƙon a ba mu aron ɗakin ƙasa ranar Asabar, ɗakin da kowa ya san kai kake riƙe da makullinsa. In ɗakin ne ba ka so a bayar ka ce ba ka so, ba sai ka bi ta kan marayun mutane ba.

Wannan raini da muke wa baƙaƙen ƙasar nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kakannin yaran nan su aka doka, su aka sakar wa karnuka, su aka ɗaure har aka samu dokar 'yancin jama'a ta 1964, kuma a cikin wannan guguwar aka sauya dokar shige da fice a 1965 aka cire tsarin da ya fifita Turawa, ƙofar da ni da kai muka shigo ta nan kenan. Mun zo mun tarar an share hanya, muna zaune unguwanninsu, muna ɗaukarsu a mota muna karɓar kuɗinsu, matanmu suna musu kitso, sannan mu koma gida mu ce wa 'ya'yanmu kar su kula su. Yaron kuma ya fita ya ga duniya ta haɗa shi da su, sai ya rasa ina zai sa kansa, a gida a ce masa ya zama ɗan Amurka, a waje a yi masa dariyar sunansa.

Kuma tunda maganar rashin uba ake, mu dubi kanmu. Nawa ne cikinmu suke jan mota tun magariba har asuba, su dawo yaro ya tafi makaranta, su farka yaro bai dawo ba, sati ya zagayo ba su haɗa ido ba? Ranar ganawar iyaye da malamai ka je ka ƙirga mazanmu. Uwa ce za ta je ita kaɗai, yaron da ake ƙara shi ne tafinta, ya faɗa mata abin da ya ga dama, alhali makarantun gwamnatin Niyok suna ba da tafinta kyauta in an nema, ba wanda ya gaya mata. In an yi rasuwa cikin kwana biyu mun haɗa kuɗin kai gawa gida, in biki ne ko suna mun kama hol mun yi anko, amma yaro ya faɗi jarabawa shekara biyu a jere ba wanda ya sani sai ranar da aka kira mu daga ofishin 'yan sanda, sannan a fara kiran waya ana neman lauya, ko a yanki tikiti a tura shi gida wajen kaka wai a gyara shi, yaron da ko Hausa ba ya ji sosai. Wasu sun gyaru, ban musa ba, wasu kuma sun dawo da fushin da ya fi na da. Ubanninsu suna raye Alhaji, muna sallah sahu ɗaya da su.

Takardar da na ba kwamiti tana nan ban janye ba. Ɗakin muke so daga ƙarfe 10 zuwa azahar, mu za mu share mu kulle, kuma yaran unguwa duka za su shigo, namu da waɗanda ba namu ba, wannan sharaɗin ba zan sassauta shi ba. Muna kuma neman maza shida da za su ɗauki alkawarin zuwa har ƙarshen shekarar karatu, ba sai mai digiri ba, amma kowa sai an ɗauki zanen yatsunsa an binciki tarihinsa kafin ya zauna da yara, haka tsarin yake kuma daidai ne. Kwamiti zai zauna bayan sallar Juma'a ta farkon wata, zan zo da iyaye mata biyu da suka yarda su yi magana da bakinsu, ina roƙon ka zo ka saurare su kafin a kaɗa ƙuri'a.

Wassalam,
Ƙaninka a Bronx