Shekarun da yajin aiki ya ci, wa zai biya mu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ni da abokan da muke zaman majalisa wurin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina.

Makon jiya ina kan kujerar mai aski, sai ya dakata da injin, ya sa yatsa biyu ya tsinko wani gashi daga gefen kunnena, ya ɗora mini a tafin hannu. Furfura. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, girma ya zo." Na taya shi dariyar, amma har na isa gida ban saki gashin nan ba. Shekarata 29, ban ajiye iyali ba, ban taɓa karɓar albashi ba in ban da alawus ɗin bautar ƙasa.

Ga yadda lissafin yake. Sau uku na zauna jarrabawar shiga jami'a kafin in samu gurbi a 2018. Karatun shekara huɗu ne. A 2020 korona ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i, aka rufe daga Maris har Disamba. A 2022 aka sake tafiya, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ba na zo yanke hukunci tsakanin malamai da gwamnati ba ne, kowa da hujjarsa. Abin da na sani kawai, kusan wata 17 muka yi a gida muna kallon rufin ɗaki, ban da watannin da aka ɓata wajen gyara jadawali. Sai 2024 na karɓi sakamako.

To, Edita, buɗe tallar neman ma'aikata a waya ka gani. "Kada mai nema ya wuce shekara 26." Wani wurin 28. Wasu ma har su ƙara da cewa sai mai ƙwarewar aiki ta shekara biyu. A ina zan samo ta, a majalisar mai shayi? Wanda mahaifinsa ya iya biyan jami'a mai zaman kanta, ko ya tura shi Sudan ko Malesiya, ya gama yana da 22, shi ƙofar a buɗe take. Ɗan talaka da ya jure layi, an rufe kafin ya iso. Ita kanta bautar ƙasa, wanda ya gama karatu ya haura 30 takardar yafewa ake ba shi.

Mu shida ne a majalisar. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai yana sana'ar POS a ƙarƙashin lema. Wanda ya so zama lauya yana jan Keke Napep, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rabin cinikinsa a gidan mai yake ƙarewa. Ɗaya ya gwada fataucin kaya ta Jibiya zuwa Maraɗi, aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, jarin ya narke. Ni ina koyarwa da yamma, ina bin gidaje. Ba ma raina sana'a, kuma babu mai zaman kashe wando a cikinmu. Wannan zargin ya ishe mu. Abin da ke da ciwo shi ne yadda hirarmu ta sauya. Da can "in na gama zan yi kaza" muke cewa. Yanzu sai "Allah dai ya rufa asiri", kowa ya kurɓi shayinsa.

Kowa ya san dabarar da ake yi. A je kotu a yi takardar rantsuwa, a zaftare shekara uku ko huɗu. Wani abokina ya matsa mini, har ya ce shi zai biya kuɗin. Na koma gida na ɗauko wani tsohon littafi na marigayi mahaifinmu, inda ya rubuta ranar haihuwar kowannenmu da ajami a bayan bango, da tawadar da ta fara komawa ja. Na duba, in na rage huɗu, ƙanwata ta zama yayata ke nan. Da na faɗa wa Inna sai ta ce, "Kai dai kada ka fara neman abinci da rantsuwar ƙarya." Na mayar da littafin cikin adaka.

Roƙona ga jaridarku: ku tambayi masu ɗaukar ma'aikata dalilin wannan ƙa'ida, ku tambayi 'yan majalisarmu na Katsina me suke cewa a kai. A 2018 an sa hannu kan dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, don a ba matasa dama. Ashe ana iya taɓa shekaru in an ga dama. Me zai hana a ɗaga iyakar shekarun neman aiki, ko da da shekara biyun da aka ci mana ne? Watan Rajab mai zuwa zan cika 30.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina.