Wasiƙa zuwa ga Bashiru a Ingila

Assalamu alaikum Malam Bashiru,

Ya aiki, ya sanyi, ya Hajiya da yara? Mu nan Aboabo lafiya lau alhamdulillahi, Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton autan ba.

Na karanta saƙonka inda ka ce in ka tashi dutin dare barci ba ya ɗaukarka, kana ta juya lissafin allurar da ka yi ko ka wuce ƙima. Wallahi na gane, kuma ba rashin tawakkali ba ne, don a ƙasar da kake aka gurfanar da Dakta Hadiza Bawa-Garba. Yaro ɗan shekara 6 ya rasu a asibitin Leicester a 2011, ranar kwamfutar da ke fito da sakamakon gwajin jini ta samu matsala, ma'aikata ba su cika ba, ita kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba aka ɗora mata wad, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, fiye da ɗaya, amma a 2015 ita da wata nas kotu ta kama da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka. Aka cire sunanta daga rajistar likitoci a Janairun 2018, sai watan Agusta kotun ɗaukaka ƙara ta maido mata. To su waɗanda suka tsara aikin ranar a haka fa, wa ya tsaya gaban alƙali a cikinsu?

Ta Amurka ma ka san ta, nas RaDonda Vaught a jihar Tennessee, 2017. Ta ɗauko vecuronium, maganin da ke shanye tsokar jiki har numfashi ya tsaya, a madadin Versed mai kwantar da hankali, tsohuwa 'yar shekara 75 ta rasu. Kuskure ne babba ba na kare shi, akwai gargaɗi a jikin kwalbar ba ta duba ba, kuma ƙwace lasinta da aka yi ban ce komai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da bakinta ta faɗa nan take, ba ta ɓoye ba, kuma aka zo 2022 aka same ta da laifi. Ka faɗa min, nas nawa ne za su ga haka gobe su ce ni na yi? Shiru kowa zai yi, a gyara foldar mara lafiyar, dangin mamaci a ce musu kwana ne ya ƙare, kuskuren kuma yana nan yana jiran mara lafiya na gaba tunda ba wanda ya ji balle a gyara. Shi ya sa na ji daɗi da jihar Kentucky ta yi doka a 2024 cewa ba za a tuhumi ma'aikacin lafiya da laifi don kuskuren aiki ba, sai dai in ganganci ne ko mugunta ko mummunan sakaci.

Nan Gana dokar laifuffuka ta 1960 ta ce sakacin da ya jawo mutuwa ba ya zama laifin kisa sai ya kai ga rashin damuwa da ran ɗan'adam gaba ɗaya, kuma akwai hukumar likitoci da ta nas da ungozoma ƙarƙashin dokar 2013 masu ladabtarwa. A takarda abin ya yi. Amma kai ma ka yi aiki a nan ka sani, nas ɗaya da wad cike, babu gado mutum yana kan kujera da ruwa a hannu, wuta ta ɗauke kana neman jijiya da tocilan waya, in abu ya faru kuma kafin a yi bincike an riga an yanke maka hukunci a rediyo da Facebook.

Ba wai ina cewa a bar mu mu yi yadda muka ga dama ba fa. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya bar mai naƙuda tana ihu yana danna waya, ko ya ƙi taɓa mutum sai an ba shi na goro, a kai shi kotu ni zan fara ba da shaida. Kuma dangin da suka rasa nasu haƙƙinsu ne a zaunar da su a faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, a ba su haƙuri, asibiti ya biya diyya. Mutanenmu na zango da yawa in ka musu bayani da mutunci sukan ce Allah ya jiƙan rai, ɓoye-ɓoyen ne ke tunzura su.

Kai dai dan Allah kar ka yi wasa da kuɗin ƙungiyarku ta nas, kuma duk ranar da aka bar ka da aikin da ya fi ƙarfinka ka rubuta wa shugabar wad ka ajiye kwafin takardar a wajenka. Ka turo min irin fom ɗin da kuke cikewa in an samu kuskure, ina so in nuna wa metron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, ko za ta yarda mu gwada. A gaida Hajiya, kar ka manta hoton Inna.

Naka,
Awudu, Kumasi